"A Yi Maneji": Daga Tsoffin Injinan Finbol Zuwa Shagon Cajin Yayana a Kuyello

Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin wannan mako saboda 'yan uwan da data ko sabis ba ya barinsu su saurari murya.

Yau zancen gyara za mu yi, irin gyaran nan da muke ce wa "a yi maneji". Zan fara da wani injin wasa da yawancinmu ba mu taɓa gani ido da ido ba, sannan in dawo da ku gida Kuyello, in ba ku labarin wata ɓarna da na yi da hannuna. Ku biyo ni, za ku ga inda suka haɗu.

Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, a kafe ko a makarantar koyon kwamfuta, zai tuna wani gem da ake ce wa Space Cadet. 'Yar ƙwallo tana ta yawo tana karo da abubuwa, kai kuma kana danna maɓalli biyu, wasu 'yan hannuwa a ƙasa suna bugo ta sama kada ta faɗa rami. To wannan kwaikwayo ne. Na ainihin wani dogon akwati ne mai ƙafa huɗu, da gilashi a samansa, da ƙwallon ƙarfe mai nauyin kusan giram 80. Turawa na ce masa pinball, mu ce finbol. Kana jefa kwabo ta wata kafa, sai ya ba ka wasa.

A birnin Shikago na Amurka sana'ar ta kafu. A 1931 wani mutum mai suna David Gottlieb ya fito da Baffle Ball, ya samu kasuwa sosai. Waɗancan 'yan hannuwan masu bugun ƙwallo ba su zo ba sai 1947, a wani inji na kamfaninsa mai suna Humpty Dumpty. Kafin nan sa'a ce kawai, shi ya sa hukuma ta ɗauke shi caca. A 1942 magajin garin New York, Fiorello LaGuardia, ya haramta shi, aka riƙa kwashe injinan ana farfasawa da guduma. Haramcin bai tashi ba sai 1976, bayan wani gwanin wasan mai suna Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna musu cewa akwai iyawa a ciki. Injin da ya fi kowanne kasuwa shi ne The Addams Family na 1992, an sayar da sama da 20,000. A 1999 babban kamfanin Williams ya daina ƙera su.

Yanzu waɗannan tsoffin injinan suna hannun masu sha'awa, suna saya suna farfaɗo da su. Ni a YouTube na ci karo da su, ina neman bidiyon yadda ake liƙa waya da dalma. Abin da ya riƙe ni shi ne lokacin da suke buɗe cikin injin. Wallahi sai ka rantse wani makanikin garinmu ne ya riga su shiga. An ɗaure da roba, an naɗe da salatif, an cusa ƙusa inda noti ya kamata. Ashe maneji ba mu kaɗai muka iya shi ba.

Dalilin kuwa ba boyayye ba ne. Yawancin injinan ba a gida suke ba. Mutum ɗaya ne ke da su da yawa, ya rarraba su a shaguna da wuraren cin abinci da mashaya, yana zagayawa yana kwashe kuɗi, suna rabawa da mai wurin. Injin da ya tsaya ba ya kawo ko sisi. Mai gyara ya zo, mai shago na tsaye a kansa, akwai wasu wurare goma da ke jiransa, kayan gyaran da ake buƙata kuma babu a jakarsa. Me zai yi? Zai yi abin da zai sa injin ya tashi yau, ya ce mako mai zuwa zai dawo ya gyara da kyau. Bayan shekara 30 wani ya buɗe ya tarar mako mai zuwan bai zo ba har yanzu.

Bari in kawo muku huɗu daga cikin abubuwan da suke yawan tararwa.

Na farko, mai. A cikin injin akwai abin da ake kira koyil: siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe a jikin bututu, da sandar ƙarfe a ciki. Wuta na shiga, sai ya zama maganaɗisu ya fizgo sandar, ita kuma ta bugi ƙwallo. An ƙera sandar ta yi aiki a bushe. Amma mutum ya ga tana cijewa, sai ya fesa mata mai. Ranar za ta yi santsi. Bayan wata biyu man ya kama ƙura ya zama kamar ƙullu, ta cije fiye da da. Ku da kuka san ƙurar hunturu kun gane. A tsoffin injinan da ke tartsatsi a ciki ma, feshin kan iya kamawa da wuta.

Na biyu, mahaɗar waya. Inda wayoyin fitilu ke shiga allon lantarki, wanda masu gyaran waya ke ce wa fanel, akwai wata mahaɗa ta roba da ake cirewa a mayar. In ta tsufa ta yi sako-sako sai ta riƙa zafi har ta yi baƙi. Maimakon a canza ta, sai a yanke ta a liƙa wayoyin kai tsaye a jikin allon da dalma. Fitila ta kama, amma wanda zai zo gyara a gaba ba shi da hanyar cire allon sai ya yanyanka wayoyi.

Na uku, batir. Daga ƙarshen shekarun 1970 injinan suka koma masu ƙwaƙwalwar lantarki, da yawansu kuma suna da ƙananan batura uku, irin na tocila, a jikin allon don riƙe lissafin maki. A manta da su shekara da shekaru, su zubar da ruwa, ruwan ya cinye hanyoyin tagullar allon. Sai ka ga wani ya bi ya tsallake wuraren da suka ruɓe da 'yan guntayen waya, bai wanke ruwan ba, ruɓa tana ci gaba a ƙarƙashi. Masu gyaran kirki kan matsar da baturan can gefe da doguwar waya, ko da sun zuba ba za su taɓa allon ba. Wannan ma dabara ce da ba ta zo daga kamfani ba, amma mai kyau ce.

Na huɗu shi ne uban gayyar, kuma shi ne dalilin shirin yau: fiyus. Suna tarar da fiyus da aka naɗe da takarda mai ƙyalli, ko an cire shi an sa wanda ya ninka shi girma, ko ma guntun ƙarfe kawai.

A nan sai mun tsaya mun fahimci mene ne fiyus. Siririyar waya ce da aka saka da gangan ta zama mafi rauni a duk layin. In wutar da ke wucewa ta fi ƙarfin abin da layin zai ɗauka, ita ce za ta fara narkewa, layi ya yanke. Lambar da ke jikinsa, amfiya 3 ko 5 ko 13, ita ce iyakarsa. Kuma zafin da waya ke yi ba ya hawa daidai da wuta, ninkawa yake. In wuta ta ninka sau biyu, zafi zai ninka sau huɗu. In ta ninka sau goma, zafi sau ɗari.

A injin finbol, koyil ɗin nan an yi shi ne ya karɓi wuta na ƙiftawar ido ya saki. Akwai taransista da ke buɗe masa wuta ta rufe. In taransistar ta lalace ta tsaya a buɗe, koyil zai yi ta shan wuta ba tsayawa. Fiyus mai kyau zai tsinke nan take, asara ta tsaya a taransista ɗaya da fiyus ɗaya. In an naɗe shi da takarda mai ƙyalli kuwa, koyil zai gasu, robar cikinsa ta narke, allon ya ƙone, wani lokacin har katakon ya kama. Ka ga fiyus da ya tsinke bai lalace ba, aikinsa ya yi. Yana gaya maka ne akwai ciwo a wani wuri. Wanda ya toshe shi kamar wanda kare ya tashe shi da haushi cikin dare ne, ya fita ya ɗaure bakin karen ya koma barci.

To mu dawo gida.

Kuyello tana gabashin ƙaramar hukumar Birnin Gwari. Wanda ya zauna a yankin ya san abin da ake nufi da a ce wani ɗan ƙaramin kayan gyara sai an je Funtua ko Zariya ko Kaduna. A shekarun da hanya ta yi tsanani, ba wanda zai sa ransa a mota saboda fiyus. Sannan a 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗauki matakan tsaro: aka dakatar da kasuwannin mako a wasu ƙananan hukumomi har da tamu, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana hawa babur na wata uku, aka katse layukan sadarwa a wasu sassa. A irin wannan hali maneji shi ne rayuwa. Injin niƙa, babur, famfon ban ruwa, rediyo, duk da dabara suka rayu. Ba zan taɓa raina masu gyaran ƙauye ba, don na ga sun tayar da abin da a birni da tuni an kai shi Panteka an sayar a kilo.

Yayana yana da shagon caji, da talabijin biyu da PlayStation 2 da yara ke buga ƙwallo. Da fetur ya yi wuya sai ya ajiye janareta, ya samo faifan sola da batir na hannu da 'yar inbata. Ko da babu sabis mutane na kawo caji, saboda tocila da karatu da finafinan da ke kan memori. Ni nake zama a shagon in ya tafi gona.

Shagon nan cike yake da maneji. Murfin gem ɗaya ba ya rufuwa da kyau, sai aka cusa 'yar takarda a kan ɗan maɓallin da ke gaya masa an rufe. Wayar hannun gem an naɗe ta da baƙin salatif. Ƙafar benci da robar tayar babur aka ɗaure ta. Duk waɗannan ba su taɓa cutar da kowa ba.

Akwai fiyus na gilashi a kan wayar da ta fito daga batir. Wata rana ya tsinke. Yaya ya sa na ajiya, bayan kwana biyu shi ma ya tsinke. Babu na uku. Sai ya samo takardar cikin kwalin sigari ya naɗe mataccen ya mayar, ya ce mini, "Wannan na kwana biyu ne, in an samu mai zuwa Funtua zan ba da sautu."

Ranar da takardar ita ma ta ƙone, Yaya ba ya nan. Shago cike da wayoyi, yara sun biya kuɗin gem suna jira. Na duba na ga wata ƙusa da kaurinta ya yi daidai. Na yanke ta da filaya na cusa. Wuta ta kawo, yara suka yi ihu, ni kuma na ji ni injiniya ne. Da Yaya ya dawo ban gaya masa ba. Da farko na manta, daga baya kuma na ga ai abu na aiki, me zan faɗa?

Kusan mako uku lafiya lau. Sai wani dare bayan isha'i, mun rufe shago da wayoyin da masu su suka ce sai da safe, maƙwabcinmu mai shayi ya ga hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofa. Allah ya sa bai tashi ba. Aka ɓalle kwaɗo, aka watsa ƙasa. Katakon da aka jera soket a kai ya cinye, inbata ta tafi, talabijin ɗaya ya narke ta gefe, wayoyin mutane fiye da goma sun ƙone. Da a ce mai shayin ya riga ya tafi gida, da layin shagunan gaba ɗaya ne.

Da gari ya waye aka bi waya aka ga ciwon. Inda ta ratsa ta gefen kwanon rufi, kaifin kwanon ya daɗe yana cin robar jikinta. In iska ta kaɗa sai tagulla ta taɓa inda bai kamata ba, ta haɗu da ɗaya wayar. Abin da fiyus biyu da takardar sigari suka yi ta faɗa mana ke nan. Daren da suka manne gaba ɗaya, babu mai tsinkewa, sai wayar kanta ta zama garwashi.

Yaya ya ciro ƙusar daga cikin toka, ya riƙe ta a tafin hannu. Ya ce, "Wa ya sa wannan?"

Na ce, "Ni ne, Yaya. Ka yi haƙuri."

Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "Ni na fara, da na sa takarda. Amma da ka gaya mini, da ban kwana da ita ba."

Wayoyin nan amana ce. Wasu suka yafe, wasu ba su da halin yafewa, kuma ba a ga laifinsu ba. Sai da Yaya ya sayar da buhunan masarar da ya ajiye don cin gida kafin ya sallami kowa. Fiyus ɗin da ya jawo wannan duka kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa da wake ba.

Mutane da yawa na raina wutar batir, suna cewa ai 12 ce kawai, ba ta ja. Gaskiya ne ba ta jan mutum kamar ta NEPA, amma wajen gobara ta fi yadda ake zato. Ga lissafi mai sauƙi. Kayan da ke cin wat 300, a wutar gida mai 230 amfiya ɗaya da ɗan kai suke ja. A ɓangaren batir mai 12 kuwa, wat 300 ɗin nan amfiya 25 ne. Shi ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata dole ta zama mai kauri kuma gajeriya. In wayoyin batir biyu suka haɗu kai tsaye, babban batir na iya turo ɗaruruwan amfiya a take. Don haka fiyus ɗin sola a kusa da kan batir ake sa shi, don duk tsawon wayar ya kasance a bayansa.

Tun daga ranar nake raba maneji gida biyu, kuma tambaya ɗaya nake yi: in wannan dabarar ta gaza, me zai faru? In amsar ita ce abin zai tsaya kawai, to a yi. Takardar murfin gem in ta faɗi, gem ya tsaya, shi ke nan. In amsar ita ce zafi, ko wuta, ko birki ya ƙi, to wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. A nan za ka sa ƙusa a gurbin fiyus, da tsirarar waya da ake cusawa a soket a danne da tsinken ashana, da kumburarren batirin waya da ake ɗaurewa da roba don murfi ya rufu. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kada a danne shi, kada a huda shi, kada a sake sa shi a caji.

Wani zai ce, to Malam, fiyus ya tsinke, ina ƙauye, babu wani, in zauna a duhu? Ga abin da na koya daga baya.

Ka fara neman dalili. Cire duk abin da ke kan layin, ka bi waya da ido da hannu daga batir har ƙarshe, musamman inda ta ratsa kwano ko ƙofa ko inda ɓera ke bi. Ka shinshina, ƙonanniyar roba ba ta ɓuya. In layin batir mai 12 ne, akwai dabarar masu wayarin ɗin mota: ka haɗa ƙwan babbar fitilar mota a gurbin fiyus ɗin. In babu komai a kan layin amma ƙwan ya haska sosai, wayoyi sun haɗu a wani wuri. Ƙwan ba zai bar wuta mai yawa ta wuce ba, sai ka yi ta motsa waya har ka ga inda hasken ya ɗauke. Na gwaji ne kawai, ba na barin shi a wurin ba. Masu gyaran finbol ma suna da irin tasu, wani ɗan makunni mai yanke wuta da kansa suke maƙalawa lokacin bincike don kada su ƙarar da fiyus.

In dole ne ka sa wanda ba lambarsa ba, sa ƙarami, kada ka sa babba. Ƙarami iyakarsa ya tsinke ya ba ka haushi. Ka kuma duba harafin da ke kan hularsa: T mai jinkirin tsinkewa ne, F mai saurin tsinkewa. Ka nemi irin wanda ka cire. In za ka ba da sautu, ka ba da mataccen a tafi da shi, kuma a sayo biyar, ka liƙa sauran da salatif a gefen batir.

Na ƙarshe shi ne wanda ni na faɗi a kansa: ka faɗa. A cikin injin finbol kamfani kan manna takarda mai nuna lambar kowane fiyus, masu gyaran kirki kuma kan bar rubutun abin da suka canza. Mu ma babu abin da zai hana. Ɗan salatif da biro: "na wucin gadi, ranar kaza." In yaron shago ne kai, gaya wa oga kafin ka tafi gida. In za ka sayar da babur ko janareta ko inbata, nuna wa mai saye inda ka yi dabara. Ragin da zai nema bai kai haƙƙin da za ka ɗauka ba in abin ya tashi da shi cikin dare, iyalinsa na barci.

Tun da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 zirga-zirga ta ɗan ƙaru, muna roƙon Allah ya ɗorar da zaman lafiya. Amma na san akwai dabarun da aka yi a waccan wahalar da har yau suna nan a bayan batura da cikin janaretoci, masu su sun manta. Don Allah in ka gama karanta wannan, je ka kashe, ka cire kan batir, ka buɗe gidan fiyus ɗinka ka ga me ke ciki. Ƙusar nan tawa har yanzu tana wurin Yaya, a cikin gwangwanin da yake ajiye canji. Duk sabon yaron da ya ɗauka a shago sai ya nuna masa ita.

A nan za mu dakata. Ku rubuto mana irin manejin da kuka taɓa tararwa a cikin kayan da kuka saya na hannu, za mu karanto wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mu da gobara, ya tsare dukiyar mutane da ke hannunmu.